Notin da Ya Ƙi Kwancewa

"Baba, ka riƙe da kyau mana!" Lutfi ya daka tsawa daga ƙarƙashin mota.

Tun hantsi yake fama da notin ƙafar motar, sai juyawa yake yi, ya ƙi kwancewa. In motar ba ta tashi ba, kwale-kwalen masu tsallakawa Italiya zai bar gaɓar tekun garin Zarzis ba tare da shi ba.

"Na riƙe, ɗana. Tsatsa ce."

Yatsun Lutfi duk sun fashe. Ya leƙo ta bayan taya, hannunsa bai daina murɗawa ba.

Sifanar tsohon na kan notin, amma duk inda ya juya, sai ta bi shi. Hawaye sun jiƙa gemunsa.

"Teku ta cinye min yayanka," ya ce. "Wallahi ba zan riƙe ba."