Kunnuwan Sule Mai Tsire

Mai Nasara mai tsire ya faɗo shagon Wasila, waya a hannu, yana huci.

"Ke kika zana ƙanena Sule da kunnuwa kamar faifai?"

Zanen barkwancin da Wasila take sawa a Fesbuk duk Juma'a ya karaɗe Damagaram.

"Baba, ka yi haƙuri, raha ce kawai. Yanzu zan goge."

"Raha? Tun daga Tirmini ake zuwa kallon kunnuwansa, a yi foto, a sayi tsirensa! Kafin magariba namansa ya ƙare, nawa kuwa sai ƙudaje."

Ya tuɓe hula, ya juya mata gefen kansa.

"Duba da kyau, 'yata. Tsakaninki da Allah, nasa sun kai nawa?"