Kunnuwan Gidanmu

Tun da aka fara zaɓar wa jarirai kamanni a asibiti ban sa baki ba, sai jiya da abin ya iso gidana.

Na je sunan jikana, na tarar da jarirai uku a katifa, hanci ɗaya, goshi ɗaya. Na duba kunnuwa, don zuri'armu tun daga kakana kunne kamar faifai ne. Babu mai shi! Na sunkuci na tsakiya ina rawa: "Angona, ka iso?"

Raliya, matar autana Sagiru, ta ce, "Inna, wannan na maƙwabta ne. Ga naki can."

"To ina kunnuwansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Likita ya ce wajen kwafar gadon jini ana iya tsallake abin da ba a so. Babansa ya ce a tsallake."

Sagirun da ya ɓata a kasuwa yana ƙarami, da kunnuwan nan na hango shi!

Na tare shi a zaure. "Kai, in yaron nan ya ɓata, da me zan gane shi?"

"Ai akwai lamba a tafin ƙafarsa, Inna."

Lamba, jama'a, sai ka ce buhun taki! Na kama kunnensa na murɗe da kyau, tunda daga shi babu sauran mai abin murɗawa a gidan nan.