Mai Markaɗe da Ta Je Ganin Madatsa

Tun da ka kama aiki a wurin masu raba wuta, Hambali, saurari wannan tun bakinka bai saba da irin maganarsu ba.

An yi wata mata mai injin markaɗe na lantarki a wani gari. Injin nan shi kaɗai mijinta ya mutu ya bar mata, da shi take ciyar da marayu huɗu. Waken ƙosai, tattasai, geron kunu na unguwa, duk ta bakinsa suke bi. Sai gwamnati ta ce ta gaji da riƙon wuta, ta kasa ta kamar naman watanda: wasu suka sayi samar da ita, wasu suka sayi raba ta gida-gida, dogayen wayoyin da ke tsakani kuma aka bar su a hannun hukuma. Aka yi ta shela wai duhu ya ƙare. Ba a jima ba wutar garin ta ɗauke, wata bakwai ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Duk wanda ya je ofishin kamfanin raba wuta, amsa ɗaya ce, wai ruwa ne ya ja baya a madatsar da ake samar da wutar. Mutanen garin, bayin Allah, har bayan gari suka fita roƙon ruwa da tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu, don dai madatsar da ba su taɓa gani ba ta cika. Ana haka ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya fara zarya a ƙofar gidanta, wai ta sayar masa da injin a kan sikeli tun tsatsa ba ta cinye shi ba. Ita kuwa irin matan nan ce da ba sa sayen hatsi sai sun zura hannu har ƙasan buhu. Ta ce ba ta rabuwa da ƙarfen marayu a kan an ce an ce, sai ta ga ƙafewar kogin da idonta. Ta ɗaura ɗamara ta hau mota, tafiyar yini da rabi.

Tun kafin ta ga komai ta ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarta. Da ta hau kan bangon madatsar sai ta duba dama da hagu. A dama ruwa ne kwance iyakar ganinta, ba ta san inda ya ƙare sama ta fara ba. A hagu rami ne mai zurfin da shaho ke shawagi a ƙarƙashin ƙafafunta, ruwa na ɓarkowa daga ƙofofi fari fat kamar tulin auduga, da rugugin da ya sa ta yi salati ba ta ji muryarta ba. Wani dattijon ma'aikaci ya ga mace tsaye tana hawaye, ya tausaya, ya shiga da ita ta leƙa ɗakin injuna. Guda shida ne, kowanne ya fi rumbu goma a haɗe. Uku na juyawa, uku shiru. Ita da ta yi shekara ashirin da inji, ta dafa ɗaya daga cikin masu shirun, ta shinshina hannunta, ta ji sabon mai. Ta ce wannan ai ba mataccen inji ba ne. Dattijon ya ce lafiyarsu ƙalau, kashe su aka yi, don wayoyi ba za su iya ɗauka ba, masu rabawa kuma ba su shirya karɓa ba. Ruwan nan da take gani yana zuba, wutar da aka ƙi karɓa ce suke mayar wa kogi. Ta cika gorarta da ruwan, ta juyo.

A hanyar dawowa ta zauna bakin taga, ta bi waya da ido. Da fari hasumiyoyin ƙarfe ne a jere kamar ayarin raƙuma, sai turakun siminti, sai na katako da gara ta ci sun karkace. A bayan mahautar garinsu ta ce a sauke ta. Nan ta tarar da turaku biyu da iska ta kayar, waya a ƙasa, kabewa ta yi yaɗo a kanta har ta zuba 'ya'ya. Ta auna da ƙafa, taku arba'in. Iyakar abin da ke tsakanin injinta da wancan kogin ke nan. Kamfani ya ce gyaran wurin na hukuma ne, hukuma ta ce ai ta sayar, kowa da takardarsa a aljihun tebur.

Ta wuce ofis. Magatakarda bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Haƙuri za a yi, Iya, ruwa ne ya ja baya.” Ta dangwara masa gorar a kan tebur ta ce, “Daga can nake, ɗana. Ga shi, ya ce a gaishe ku.” Daga nan ta je ta faɗa wa liman a daina roƙon Ubangiji abin da Ya riga Ya bayar. Tabarmin da aka kai bayan gari su aka kwaso aka shimfiɗa a ƙofar ofis, maza da mata, kullum tun hantsi. A kwana na tara aka samo turakun da aka ce babu. Ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa, tun daga bakin layi ya ji ƙarar markaɗe, ya juya.

To kai ma yau ka shiga sahun masu janyo wa mutane ruwa, sai ka riƙa duba igiyarka kafin ka ce rijiya ta ƙafe. Na ga masu irin aikinka da yawa, a kansu Hausawa suka ce: rijiya ta bayar, guga ya hana.