Na'urar Da Ba Ta Iya Lallashi

Injiniya ya sake buga tambayar, na'urar ta sake ba shi amsar da ta tayar masa da hankali.

Shi ya ƙera ta da hannunsa. Aikinta ɗaya ne: a zuba mata bayanai, ta tsara su cikin magana mai kan gado, ta yi wa mutum bayani dalla-dalla. Doka kuwa ya kafa mata: ba ta faɗin abin da babu shi a rumbunta, ba ta kuma sassauta magana don kowa. Da wannan yake cika wa abokan aiki baki, har sun gaji da ji.

Yau gwaji kawai ya yi niyya. Ya tambaye ta dalilin da ya sa matarsa ba ta ɗaga waya tun safe. Ta amsa cikin ladabi cewa matarsa ta rasu, ciwon zuciya ne, an rufe layin bayan rasuwar.

Ya ja tsaki. Matar da ya baro tana shanya? Wani ne ya zuba wa na'urar shara. Zarginsa ya tafi kan sabuwar sakatariyar nan, mai faɗo masa ɗaki kai tsaye, mai ɗura masa ƙwayoyi da sunan maganin gajiya. Ofishin ma ta birkita masa shi, har da gado ta sa aka shigo.

Ya ƙwala mata kira. Ta shigo da kofin ruwa, idanunta jawur. Ya ce a gabanta zai tona asirin mai wannan aika-aika, don babu jimlar da na'urar ba ta san inda ta samo ta ba. Ta roƙe shi ya bari sai ya karya. Ya ƙi. Tsoro ne fal cikinsa, yana rufe shi da faɗa.

Ya buga: wa ya gaya miki?

"Kai ne, ranar da kuka dawo daga maƙabarta. Ka ce ciwon mantuwa ya fara cin ka, duk ranar da ka tambaya kada in ɓoye maka."

Ya juyo yana kallon sakatariyar, baki buɗe. Ta ajiye kofin, ta durƙusa ta riƙe hannunsa.

"Baba, don Allah ka bari in kashe na'urar nan. Kullum da safe sai Mama ta sake mutuwa a gidan nan."