Ganye ta Kan Katanga

Ina kan sallaya maƙwabcinmu mai sayar da dashen itatuwa ya durƙusa, wai autata yake so da aure.

Na ce, "Ɗan nan, ba ta gani fa. Ina ma ka san ta?"

Ya sunkuyar da kai. Auta ta lalubo wani ganye a ƙasa, ta shafa.

"Na gwaiba ne, Inna, jijiyoyinsa sun taso ta baya. Na darbejiya kuwa gefensa kamar zarto."

"Innalillahi! Wa ya koya miki?"



"Shi. Kullum sai ya jefo ɗaya ta katanga, ya kwatanta min. Ina son sa, Inna."

Da ƙyar na ce ya turo manyansa. Ni da kullum nake share ganyen, ina ɗora wa iskar Allah laifi!