Askin Willem

Ranar Talata, saura kwana biyar a yi zaɓe, Safi ta ɗauko wasiƙa daga akwatin gidan tsoho Willem a garin Vaulx-en-Velin na Faransa, ta ajiye masa kusa da shayi. Takardun 'yan takara ne, irin waɗanda ake aika wa kowa.

Wata huɗu ke nan tana jinyarsa. An ce Bature ne ɗan Afirka ta Kudu, mai shekara tamanin da biyu, hankalinsa ya fara gushewa. Ba ya zama a rana, ba ya cire hula. Kullum da safe shi yake aske gashin kansa a ɗaki, har ranar da ya yanke kunne, 'yarsa ta kwashe rezoji. Yau sati uku.

'Yar ce ta gaya wa Safi cewa ma'aikacin gwamnati ne a can. Ya gudo da matarsa Baturiya a 1984, ana shirin zaɓe, bayan gwamnatin wariya ta raba majalisa uku: ta Turawa, ta masu ruwa biyu, ta Indiyawa. Baƙaƙe ba su samu ko ɗaya ba, kuma aure tsakanin jinsi laifi ne. Abin da ya koro shi, bai taɓa faɗa ba. Amma in ya rikice yakan ce za su gano shi, don haka Safi ta yanke hukunci: akwai jini a hannunsa.

Da ya ga wasiƙar, sai ya miƙe, ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihu. Ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, ya zazzage shi. Ya ɗago da aska tsirara.

Wayarta tana cikin jaka a bayan ƙofa. Hawa na shida suke. Safi ta ja baya har ta jingina da bango, bakinta na salati, tana tuna ɗiyarta da ke jiranta a makaranta.

Ya matso. Sai ya durƙusa, ya miƙa mata askar ta ƙota.

"Yi sauri ki aske mini kai, 'yata, kafin su zo. Sun sake sa sunana."

Cikin tarkacen da ya zube akwai tsohuwar takardar rajistar zaɓe ta majalisar masu ruwa biyu, da sunansa a kai. Ya cire hular. Gashin sati uku ya tsiro fari fat, a murɗe, irin wanda ke ƙarƙashin ɗankwalin Safi.