Inda Eriya Ta Nuna

Kafin Sharhabil ya sauke hannunsa, dutsen farko ya riga ya tarwatsa gilashin shagon.

Shi fa aiki ya kawo shi. Injiniya ne a wani kamfanin waya, kuma sati uku ke nan, tun washegarin Sallah, sabis ya mutu murus a wannan ɓangare na Kurmin Mashi. A ofis sun gano dalili. Wani ne ya kafa na'urar ƙara sabis marar rajista, irin ta bayan fage, tana ta ihu a kan mitar da wayoyin unguwa ke magana da turken sabis na kamfani, ta toshe kowa sai mai ita.

Mutanen unguwa kuwa tuni sun yanke nasu hukuncin: infoman masu garkuwa ne ke kashe layi don kada a kira ɗauki. Ga Hamisu direba, shekaranjiya matarsa ta yi ta zubar da jini yana danna waya kira ya ƙi fita, har rai ya yi halinsa. Shi ne yau a gaba, riƙe da ƙarfen taya.

Da Sharhabil ya iso, niyyarsa ya fara biyawa ya gaida Hajiya, mahaifiyarsa, wadda ya kama wa haya a nan bakin titi. Ko da safen nan ta kira shi a waya, murya tar, tana ce masa ya zo ya ci ɗanwake. Ina! Ana ganin eriya a hannunsa aka yanyame shi, aka ja shi ta lungunan baya da bai taɓa bi ba.

A bakin shagon Bawa mai gyaran waya na'urar binciken da ke haɗe da eriyar hannunsa ta ɗau ƙara kamar za ta fashe. Sharhabil ya sani sarai eriya gefe take nunawa, ba ta faɗin nisa. Ƙa'ida sai an zagaya an sake aunawa daga wuri biyu. Amma ido ɗari na kansa, ga rana, ga jin kai na mai ilimi. Ya miƙa yatsa.

"Nan ne," in ji shi.

Aka fizgo Bawa ta wuyan riga. "Wallahi caji nake yi da gyara! Hamisu, ni ne fa!" Ƙarfen ya sauka a bakinsa, haƙora suka zube a kwata. Gora, bulo, sanda, kowa da abin da hannunsa ya kai. Sharhabil ya yi ta ihun a dakata, wa zai ji shi? Tsoro ya kama shi.

Wani ya kwance tiyon mashin ya tsiyayo fetur. Shago ya kama, batura na fashewa ɗaya bayan ɗaya. Bawa na kwance a bakin kwata, ya daina motsi.

Hamisu ya zaro wayarsa yana haki. Ya ɗaga ta sama, ya jujjuya. Babu sabis.

Na'urar hannun Sharhabil ba ta yi shiru ba. Sai ma ƙara tsananta da ta yi.

Rufin kwanon ya rufta. Ta cikin hayaƙin, a bayan katangar da shagon ya jingina da ita, kowa ya hango doguwar gora, a samanta kuma farar eriyar na'urar ƙara sabis da Sharhabil ya ɗaura wa Hajiya da hannunsa ranar Sallah.